Kafin a Dasa Inabi a Gafasa: Maganar Ƙasa, Ruwa da Haƙƙin Mata

(Laccar da aka gabatar a zauren taron ƙungiyar ɗalibai, a zaman da aka keɓe domin tattauna aikin gona a yankin Gaya da Ajingi.)



Da aka ba da sanarwar cewa za mu yi magana a kan noman inabi, kuma aka ji mun haɗa shi da sunan Gafasa, mun san akwai waɗanda suka yi murmushi. Suna kuwa da hujja. Duk wanda ya san Gafasa, ya san Toranke da Balare da Kunkurawa da sauran garuruwan ƙasar Ajingi, ya san ƙasa ce ta gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi. Inabi kuwa yawancinmu a kasuwar 'Yan Lemo ta Kano muka fara ganinsa, an ƙunshe shi cikin roba, an kawo shi daga Afirka ta Kudu ko Masar, da irin tsadar da ba a sayensa sai za a gaida maras lafiya.

To, abin da ya kawo maganar shi ne, inabi ya riga ya matso kusa da mu. A ƙaramar hukumar Kudan ta Jihar Kaduna, wadda hedkwatarta take Hunkuyi, daf da Zariya, manoma sun kafa rumfunan inabi suna girbe shi da rani, har jaridu suna kiran wurin cibiyar nomansa a Nijeriya. Abin da ya karɓi ƙasar Zazzau, ba a daɗewa sai an gwada shi a ƙasar Kano, domin manominmu ba ya jiran takarda daga ofis idan ya ga riba a gonar maƙwabcinsa. Saboda haka gara mu yi tunani tun yanzu. Da ma Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane.

Bari mu kawar da wani shakku tun da wuri. A Faransa da Italiya da makamantansu, idan an ce gonar inabi, giya ake nufi. Mu wannan ba hanyarmu ba ce: addini ya haramta, dokar jiharmu ma ta hana. Inabin da muke magana a kai na ci ne, da wanda ake shanyawa ya zama zabibi, da wanda ake matse ruwansa a sha ko a yi ruwan khal. Kalmomin nan biyu, inabi da zabibi, daga Larabci muka aro su, ta hanyar karatu da fatauci. Sai dai kuma itacen ɗaya ne ko'ina, aikinsa ɗaya ne, wahalarsa ɗaya ce. Don haka akwai darasi a gare mu cikin abin da ya faru a ƙasashen da suka daɗe da shi, ko da kuwa su abin da suke yi da 'ya'yansa daban ne.

Da farko ya kamata mu san halin itacen. Inabi ɗan'uwan dafara ne, wadda maginanmu suka sani. Danginsu ɗaya a wurin masana tsirrai. Reshe ake yanka a dasa, sa'an nan a kafa masa rumfa ta turaku da waya domin ya hau. Sai an yi shekara ɗaya zuwa biyu ana ba shi ruwa da taki kafin a ga amfanin kirki, amma idan ya kama, yakan yi shekara ashirin ko fiye yana bayarwa. A ƙasashen sanyi yakan zubar da ganye ya huta a lokacin hunturu. A ƙasashen zafi ba ya hutawa da kansa, sai manomi ya datse rassansa ya tilasta masa sabon toho. Manoman Nashik, a Jihar Maharashtra ta Indiya, sau biyu suke datsewa a shekara: wajen watan Afrilu domin itacen ya yi sababbin rassa, da wajen watan Oktoba domin ya yi fure, kana su girbe daga Janairu zuwa Afrilu. Hikimar ita ce 'ya'yan su nuna cikin rani, domin ruwan sama da laima su ne ke kawo masa cututtukan fumfuna. Ta wannan fuska, iskar hunturunmu mai bushewa, wadda take fasa mana leɓe da kaushi, rahama ce ga inabi.

Daga wannan bayani abu uku suka fito fili. Itacen yana son ruwa a daidai lokacin da ba mu da ruwan sama. Yana son jari mai nauyi tun kafin ya ba da ko kwabo. Kuma yana son hannu, hannu mai haƙuri, kusan kullum. A kan waɗannan ne maganar ɗorewa take, watau noman da ba zai cinye ƙasa da ruwa da mutanen da suke yinsa ba, har ya zama 'ya'ya sun gaji kufai.

Mu fara da ƙasa. Masana irin su Michael Mortimore, wanda ya shafe shekaru da dama yana nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano tun daga shekarun 1960, sun yi mamakin yadda manomin Kano yake noma gona ɗaya kowace shekara, ba tare da ya bar ta ta huta ba, kuma ba ta mutu ba. Asirin ba ɓoyayye ba ne a wurinmu: taki ne, da haɗa gero da wake a kunya ɗaya, da barin gawo da kuka da ɗorawa a tsakiyar gona. To amma mu tambayi kanmu, takin nan da ake kaiwa gona a mangala da rani, daga ina yake fitowa? Daga turken awaki da tumaki, da tokar murhu, da sharar tsakar gida. Su wa ke da yawancin awakin nan, su wa ke ba su dusa da harawa, su wa ke share tsakar gidan su tara? Iyayenmu mata ne. Ashe kuwa matar da ba ta taɓa riƙe fartanya a gonar gandu ba, ita ce take ciyar da ƙasar gandun shekara da shekaru, ba a kuwa taɓa rubuta sunanta a littafin malamin gona ba. Gonar inabi za ta fi gonar gero cin taki nesa ba kusa ba. Duk wanda ya yi lissafinta bai sa turken awakin mata a ciki ba, lissafin dokin rano ya yi.

Haka nan maganar feshi. A shekarun 1880 Faransawa suka gano haɗin jan ƙarfe da farar ƙasa da ake fesa wa inabi domin kashe fumfuna. Ya yi magani, amma jan ƙarfe ba ya ruɓewa. Taruwa yake yi cikin ƙasa. Bayan fiye da shekara ɗari ana fesawa, sai da Tarayyar Turai ta ƙayyade, tun daga 2019, cewa kada a wuce kilo 28 a kadada ɗaya cikin shekara bakwai. Idan waɗanda suke da ɗakunan gwaji da masu sa ido sun kai ga haka, ina ga mu da ake sayar da maganin feshi a kasuwar ƙauye, a tsiyaya shi a kwalbar lemo ba ko takarda?

Sai ruwa. Daminarmu wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, wani lokaci ma ba ta cika ba. Dattawanmu ba su manta da farin 1972 zuwa 1974 ba, balle na 1983 da 1984. Gero idan fari ya kashe shi, asarar shekara ɗaya ce. Inabi idan rijiya ta ƙafe a watan Maris, asarar shekaru ce da dukan jarin da aka zuba. Kuma rijiyar burtsatsen da mai kuɗi zai haƙa ya sa mata inji mai aiki da hasken rana, daga tafki ɗaya take sha da rijiyar unguwa, can ƙarƙashin ƙasa. Idan ruwa ya yi nisa, ba mai gonar ne zai fara ji a jikinsa ba. Yarinyar da ake aika ɗiban ruwa ce, da matar da take jiran ruwan ta ɗora tukunya. Saboda haka ban-ruwa na ɗigo, wanda yake kai ruwa gindin itace kaɗai, da lulluɓe gindin da ciyawa ko kara domin rage ƙafewa, da auna zurfin rijiyoyin gari kowace shekara, wajibi ne tun ranar farko.

Yanzu mu zo ga mutane, wanda shi ne zuciyar wannan lacca. Aikin inabi ba na ƙarfi ba ne kamar huɗa. Ɗaure rassa ne, da cire ganyen da ya yi yawa, da bin kowane nonon inabi, watau curin 'ya'yansa, da ɗan almakashi ana rage ƙananan domin sauran su yi girma, da tsinka a hankali, da tsincewa, da shiryawa a kwali. A kwarin kogin São Francisco na ƙasar Brazil, wajen birnin Petrolina, inda zafi da ƙarancin ruwan sama suka yi kama da namu, mata ake ɗauka da yawa domin wannan aikin ragewa. Haka abin yake a Indiya, haka yake a Chile. Kusan duk inda inabin ci ya bunƙasa, hannun mata ne ya ɗauke shi. Tambayar ita ce, me suka samu?

Afirka ta Kudu ta ishe mu misali. Tun shekarun 1650 Turawan Holan suka dasa inabi a yankin Kef, da gumin bayi. Bayan an daina bauta sai aka ci gaba da biyan leburori wani sashe na ladansu da giya. An haramta wannan a doka a farkon shekarun 1960, amma bai gushe ba sai bayan shekaru masu yawa, kuma har ya bar gadon jarirai da ake haifa da naƙasa saboda shan da iyayensu mata suka yi. Namiji shi ne ma'aikaci na dindindin, da sunansa ake ba da ɗakin kwana a gona. Mace kuwa ta lokacin girbi ce, idan an gama a sallame ta. A 1998 masu gonakin suka kafa tsari mai kyau na kula da ƙasa da ruwa da rage feshi, har daga baya suka riƙa manna hatimi a kayansu domin shaida. Duk da haka, a ƙarshen 2012 leburorin garin De Doorns, inda ake noman inabin ci irin wanda muke gani a kasuwanninmu, suka yi yajin aiki mai tsanani, mata da yawa a cikinsu. Mafi ƙarancin lada a lokacin rand 69 ne a yini; sai a watan Maris na 2013 aka mai da shi 105. Watau an iya tattalin ƙasa, an kasa tattalin wadda take sunkuye a kanta.

Kada kuma mu ce wannan labarin nesa ne. Bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya buɗe a Kadawa, wani kamfanin Turai ya kafa gonar kayan lambu domin kaiwa ƙasashen waje, ya ɗauki matan karkara aikin tsinka. Matan nan sai da suka yi yaji a kan ƙarancin lada, kamar yadda wata mai bincike, Sam Jackson, ta rubuta a 1978. A ƙasar Kano aka yi wannan. Mu kuma tuna da gyaɗa. Tun da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912 aka yi ta tara dala, ana auna buhuna da sunan maza, alhali mata suna ɓarewa, suna soyawa, suna matse mai, suna yin ƙuli-ƙuli. Da fari ya zo, sa'an nan cutar da darɓa take yaɗawa ta auka wa gyaɗa a 1975, dala ta rushe, kowa ya ji a jikinsa, amma a littattafan tarihi asarar 'yan kasuwa da hukumar ciniki kaɗai aka ƙidaya.

To, me ya sa kullum mace take ƙarewa a lebura? Jama'a, amsar tana cikin halin itacen da muka bayyana. Ba mai hankalin da zai dasa abin da zai shekara ashirin a gonar aro. Gero ana shuka shi a gonar aro ko ta haya ko ta jingina, domin kafin mai ita ya ce a ba shi abinsa an girbe. Itace kuwa sai mai ƙasa. Ke nan ranar da amfanin gona mai daraja ya koma na itatuwa, duk wanda ba shi da ƙasa ta kansa an fitar da shi daga cikin masu riba tun ba a fara ba. A garuruwanmu kuwa mun san yadda abin yake. Shari'a ta ba 'ya mace rabin rabon ɗa namiji, ta ba matar mamaci tumuni idan akwai 'ya'ya, rubu'i idan babu, ta kuma tabbatar cewa dukiyar mace tata ce, miji ba shi da iko a kanta. Amma sau nawa ake raba gonar a nuna mata iyakarta? Galibi sai a ce ta bar wa 'yan'uwanta maza su riƙa nomawa, a kawo mata ɗan dami da kaka. Ita kuma, don kunya da gudun ɓata zumunci, da tunanin inda za ta koma idan aure ya ƙi, sai ta yi shiru. Muddin gero ake shukawa, zaluncin ƙarami ne a ido. Ranar da aka kafa rumfar inabi ta miliyoyin naira a kan wannan gona, rabonta ya tafi ke nan, domin ba wanda zai yarda a tumɓuke.

Abin sha'awa, malamanmu na fiƙihu sun daɗe da tanadin mafita. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, akwai bayanin musaƙa: mai itatuwa ya ba wani ya yi ban-ruwa da kulawa, a raba 'ya'yan bisa kason da aka yi yarjejeniya. A cikin Tuhfa ta Ibn Asim, wadda alƙalanmu suka sani, akwai fasali a kan dashe: mai fili ya ba wani ya dasa itatuwa, idan sun kai munzali su yi tarayya a ƙasar da itatuwan. Da waɗannan, mace mai gadon gona tana iya ba ɗan'uwanta ya dasa, rabonta yana nan a rubuce da shaidu. Matan da ba su da ƙasa kuma suna iya haɗa kai su karɓi kula da gona a kan kaso, maimakon ladan yini. Ba mu bukatar aro daga Turai a nan. Abin da muka rasa shi ne aiki da abin da muke karantawa.

Akwai kuma hanyar da ta fi kusa. Matan da suke cikin kulle ba zaman banza suke yi ba. Tun 1969 Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta nuna wa duniya irin cinikin da ke gudana a bayan katanga. Tsakar gidan da ta ɗauki zogale da lalle da gwanda za ta ɗauki gindin inabi biyu ko uku, a yi musu rumfa su ba da inuwa, a shayar da su da ruwan alwala da na wanke hatsi, ban da mai sabulu, a kāre su daga awaki da gara. A nan ne za a koyi datsewa ba tare da an ci bashi ba. Bayan haka ga sarrafawa. Inabi ba ya jimre zafi bayan an tsinke, shi ya sa dillali yake taya shi yadda ya ga dama. Amma kilo huɗu na ɗanye yakan ba da kimanin kilo ɗaya na zabibi, wanda zai yi watanni bai lalace ba, musamman irin da ba shi da ƙwallo. A Turfan ta ƙasar Sin, a ɗakunan tubali masu ƙofofin iska suke shanya shi cikin inuwa. A Afganistan, a cikin kasko biyu na laka da aka liƙe bakinsu suke adana ɗanyensa har tsawon hunturu. Wace fasaha ce a nan da ta fi ƙarfin maginanmu, ko matan da suka saba shanya kuɓewa da tumatir da kabewa? Sharaɗi ɗaya ne: kada wannan sabuwar sana'a ta zama ƙarin farantin talla a kan yarinyar da ya kamata tana aji. Adashin da mata suke yi shi ya kamata ya girma ya zama ƙungiyar gama kai mai sayarwa a dunƙule, kamar yadda ƙananan manoman Maharashtra suka haɗa ƙungiyoyinsu a 1991 suka kafa Mahagrapes har suka kai kayansu Turai.

Saura mu da muke zaune a wannan zaure. Ku yayyenmu da kuke ofisoshi, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallakar filin karkara. Ku sauƙaƙa wa mata samunta da sunansu. Ku da za ku zauna a kotuna, idan an zo rabon gado ku tabbatar an taka gonar an kafa iyaka. Ku malaman gona na KNARDA, sashen mata da aka shigar cikin ayyukan raya karkara tun ƙarshen shekarun 1980 yana bukatar ma'aikata mata da za su iya shiga gida, domin namiji iyakarsa zaure. Ku 'yan'uwanmu mata masu karatun aikin gona a Wudil da Dambatta da Samaru da nan, wannan gurbin naku ne. Mu kuma sauran ɗalibai, hutun da muke zuwa gida ya isa mu ɗauki littafi mu ƙidaya: rijiya nawa ce a unguwarmu, gaba nawa ake samun ruwa a watan Afrilu, mata nawa ne suke da gona da sunansu. Wanda zai ba da shawara a kan Gafasa, to, ya fara sanin Gafasa. Kuma kowane ɗayanmu ya fara da gidansu: gonar da ake noma mana abincin da muke ci, akwai rabon gwaggo ko inna a ciki da ba a fitar ba?

Ba mu zo mu ce a tumɓuke gero a dasa inabi ba. Gyaɗa ta koya mana illar dogara ga abu ɗaya, kuma rumbu shi ne mutuncin gida. Mai yiwuwa ma a gwada a ga mangwaro ko dabino ko gwaiba sun fi karɓar ƙasarmu. Duk abin da muka faɗa ya hau kansu, domin su ma itatuwa ne. Tarihin baka ya ce daga Gaya maƙerin nan mai suna Kano ya tashi ya tafi Dala neman tama, saboda haka karɓar sabuwar sana'a ba baƙon abu ba ne ga mutanen wannan yanki. Abin da muke roƙo shi ne, kafin a kafa turke na farko, a auna ruwa, a tanadi taki, a kuma fitar wa kowace mace haƙƙinta a rubuce.

 Inda muka yi kuskure, malamanmu suna nan, sai su gyara. Allah ya ba mu damina mai albarka.